Me Ya Hana Ɗan Dako Yin Tumbi?



Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Dawanau da hantsi, lokacin da tireloli suka jeru ana sauke kaya, ya riga ya ga abin da sharhin yau zai tsaya a kai. 'Yan dako na ta safa da marwa tsakanin mota da sito, kowa da buhu mai kilo 100 a gadon baya, gumi na tsiyaya, jijiyoyin wuya sun miƙe. A bi su ɗaya bayan ɗaya, da wuya a tsinci mai tumbi. Can gefe kuma, a inuwar rumfa, mai kayan ne zaune bisa benci yana ƙirga buhuna da biro, ciki ya turo gaba har babbar riga ta kasa rufa masa asiri.

Mai kallo ba ya buƙatar malami kafin ya yanke hukunci cewa aikin ƙarfi ne ke narkar da kitse. Da wannan hukuncin ne ma'aikacin ofis, wanda likita ya ce wa ya rage nauyi, yake sayen kambas da wandon wasanni, ya riƙa fita sassarfa bayan sallar asuba. Wata ɗaya, wata biyu, wata uku. Ran da ya hau sikeli a kemis ɗin unguwa sai ya tarar allura ta sauka da kilo ɗaya tal, wani ma ko gezau. Daga nan kambas ya koma ƙarƙashin gado, mai shi kuma ya ce ai ƙibar gidansu ce, gadonta ya yi.

Bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, gado na da nasa hannun. Amma abin da ya same shi lissafi ne, kuma lissafin ba daɗin ji.

Ƙarfin da ke cikin abinci da kalori ake auna shi, kamar yadda ake auna fetur da lita. Kilo ɗaya na kitsen jikin mutum yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Namiji mai nauyin kilo 70 idan ya yi gudun kilomita 5, abin da zai ƙona wajen kalori 350 ne. In da tafiyar ƙasa zai biya bashin kilo ɗayan nan, sai ya taka tun daga Kano har ya hango Zariya. Shigar kalori kuwa ba ta da wannan wahala. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, wato cokali 3 sun maido da gudun asubar nan har da ɗan ɗori. Robar lemon kwalba mai rabin lita ta haura 200. Wanda ya dawo daga gudu ya tsaya teburin mai shayi, aka yi masa haɗin kauri, ga burodi ga wainar ƙwai, ya tashi da riba a kan abin da ya kashe. Kada a ce kwaɗayi ne ya tsayar da shi wurin. Jiki ne ke bin bashinsa, kuma ya iya bin bashi.

Mafi yawan abin da mutum ke ƙonawa a yini ma ba wajen motsi yake tafiya ba. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na tafiya ne wajen riƙe rai kawai: bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙoda, ɗumin jiki. Ƙwaƙwalwa kaɗai, wadda ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na abin da jiki ke kashewa yana kwance. Mai gudun rabin awa da asuba yana taɓa ɗan ƙaramin gefe ne na wannan kasafi.

Abin ya fi haka ɗaure kai. A arewacin Tanzaniya, kusa da tafkin Eyasi, akwai al'ummar Hadza, waɗanda har yau wasunsu da farauta da haƙar saiwoyi da ɗibar zuma suke rayuwa. Ba gona, ba mota, ba injin niƙa. Mazansu kan taka kimanin kilomita 11 a rana, matan kusan 6, sau da yawa da goyo a baya. Wani masani ɗan Amurka, Herman Pontzer, ya je ya auna yawan kalorin da suke ƙonawa. Hanyar da ya bi ita ce wadda masana suka fi yarda da ita, a ba mutum wani ruwa na musamman ya sha, sannan a yi kwanaki ana gwada fitsarinsa. Shi kansa ya tafi da zaton zai ga adadi mai tsoratarwa. Da sakamakon ya fito a 2012, sai aka ga cewa idan an yi la'akari da girman jiki, abin da mafaraucin Hadza ke ƙonawa a yini bai bambanta da na Ba'amurke ko Bature mai zaman ofis ba.

Tun kafin nan an ga irin haka a nan gida Najeriya. Amy Luke da abokan aikinta na jami'ar Loyola sun kwatanta matan karkara na kudu maso yammacin ƙasar nan da baƙaƙen matan birnin Shikago. Matsakaicin nauyin matan Shikago kusan kilo 83 ne, na matan Najeriya kusan 58. Kowa zai ce ai ɗibar ruwa da surfe da tafiya gona ne suka kawo wannan tazara. Amma da aka auna, aka daidaita da girman jiki, ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba a abin da ɓangarorin biyu ke ƙonawa wajen motsi. A kwano bambancin yake. Can kitse da sukari da abincin gwangwani, nan kuwa abinci mai ɓawo da dusa, mai kitse kaɗan.

Bayanin Pontzer shi ne jiki tamkar magidanci ne mai tsayayyen albashi. Idan kuɗin makaranta ya ƙaru, sai a rage cefane. Mutum ya ƙara motsi na tsawon watanni, jiki sai ya tsuke kashewa ta wasu wurare, shi ma mutumin ba tare da ya lura ba sai ya ƙara zama da kishingiɗa a sauran yinin. Akwai masanan da ke ganin Pontzer ya ɗan zuzuta, kuma suna da hujja, domin tsukewar tana da iyaka. 'Yan tseren keke na zagayen ƙasar Faransa kan ƙona kalori 6,000 ko fiye a rana, suna ci kamar ba gobe, amma duk da haka da ƙyar suke riƙe nauyinsu. Wanda ya yini yana hawa katako da buhu a baya ya fi kusa da waɗannan a kan mai sassarfar rabin awa.

To ke nan ɗan dako yana ƙona fiye da mai kaya, ba musu. Sai dai wannan rabin amsa ce. Ɗaya rabin yana cikin aljihunsa: abin da ya samu shi zai ci, kuma daga ciki za a kai gida. Ɗan wake ko garau-garau da rana, tuwo da dare. Babu lemon sanyi bayan kowace loma, babu tsiren yamma, babu walimar da ake gayyatarsa sau uku a mako. Manomi ma shaida ne. A tsakiyar damina, lokacin noman farko da maimai, aiki ya yi sama rumbu ya yi ƙasa, sai ka ga magidanci ya zabge har wuya ya fito. Kaka na yi, sabon gero ya shigo gida, sai ya murmure. Masu binciken lafiya na Birtaniya da suka daɗe a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya sun yi shekaru suna rubuta wannan hawa da sauka a sikeli, mutane na ramewa da damina, suna cikowa bayan girbi. Aiki da ƙarancin abinci ne suka haɗu suka yi wannan, ba ɗaya kaɗai ba.

Akwai kuma wani ɓangare da ake mantawa, wato wa ke shiga dako tun farko? Mai teɓa ba ya zuwa neman wannan aiki, in ma ya zo ba ya kai mako. Birnin Landan ya ba da misali mai kyau a kan haka. A 1953 wani likita, Jeremy Morris, ya fitar da binciken da ya yi a kan ma'aikatan sufurin birnin su kusan 31,000. Bas ɗin Landan mai hawa biyu ce, direba na zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka, matakala 500 zuwa 750 a rana. Morris ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi nesa ba kusa ba. Masu suka suka ce ƙila direbobin sun fi ƙiba ne kawai. Sai ya je ya duba takardun awon wandunan yunifom da kamfanin ke raba wa ma'aikata. Lallai ƙugun direbobi ya fi faɗi, kuma tun ranar da aka ɗauke su aiki haka suke, wato masu jiki su ne suka fi zaɓar kujera. Amma takardun sun nuna wani abin da ya fi wannan nauyi, kwandasta, siriri ne ko mai jiki, zuciyarsa ta fi ta direba tsira. Hawan benen ya kare shi ko da bai rage masa ƙugu ba. Shi kansa Morris ya riƙi ninƙaya da motsa jiki har tsufa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Yanzu a zo ga samarin ɗaga ƙarfe, waɗanda a kusan kowace unguwa za a same su da yamma a wani kango, da ƙarfen da aka zuba wa siminti a gwangwani biyu. Maganar da ke yawo a bakinsu ita ce tsoka tana cin kitse ko mutum na barci, don haka wanda ya tara ƙwanji ya huta da ƙiba har abada. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ƙamshi ne kawai. Kilo ɗaya na tsoka, idan tana hutawa, kalori kusan 13 take ƙonawa a yini. Kilo ɗaya na kitse yana ƙona 4 zuwa 5. Hanta kuwa wajen 200 a kowane kilo, zuciya da ƙoda sama da 400. Saurayin da ya shekara yana fama ya ƙara tsoka kilo 3, wanda ba ƙaramin aiki ba ne, ya ƙara wa kansa ƙona kalori wajen 40 a rana. Dafaffen ƙwai ɗaya ya fi haka.

Jin wannan sai wani ya ce to ashe wahalar banza ce. A nan ne sikeli ke yaudarar mutane, domin shi jimilla kawai ya sani. Bai san ƙashi ba, bai san ruwa ba, bai raba tsoka da kitse. Tsoka a cure take, lita ɗaya tata ta ɗan haura kilo ɗaya, lita ɗaya ta kitse kuwa giram 900 ce. Mutum na iya zubar da kitse kilo 2, ya ƙara tsoka kilo 2, sikeli ya rantse ba abin da ya canja, alhali wando ya fara zamewa. Masu fara ɗaga ƙarfe ma sukan ga nauyinsu ya ɗan hau a makonnin farko. Dalili shi ne jiki na ajiye wani nau'in sukari a tsoka da hanta, wajen rabin kilo, kuma kowane giram nasa yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Tsokar da aka fara ba aiki tana ƙara wannan ajiya. Haka kuma wanda ya daina cin tuwo da shinkafa kwatsam, ya ga kilo 2 sun tafi a mako guda har ya fara shelar nasara, yawanci wannan ruwan ne ya fita.

Ma'aunin da asibitoci ke amfani da shi, na raba nauyi da tsawo sau biyu, shi ma yana da wannan makanta. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 19 don nazarin jama'a da yawa, ba don duba mutum ɗaya ba. A ƙa'idar ma'aunin, 25 ya fara yin yawa, 30 ƙiba ce sosai. A ɗauko ɗan kokawa irin masu neman takobi a gasar ƙasa ta Nijar, tsawonsa mita 1.75, nauyinsa kilo 95, jiki a murɗe kamar igiya. Ma'aunin zai ba shi 31, ya jera shi layi ɗaya da mai kayan da ke kan benci. Tef ɗin tela ya fi gaskiya a nan. A zagaya shi a ƙugu, daidai saman cibiya kaɗan, idan awon ya wuce rabin tsawon mutum, to kitsen ciki ya fara yawa. Mai tsawon santimita 170, ƙugunsa kada ya kai 85.

Kitsen cikin nan shi ne abin tsoro. Wanda ke ƙarƙashin fata, a cinya da mazaunai, bai cika ɓarna ba. Mugun shi ne wanda ke can ciki, ya naɗe hanji ya shiga hanta, domin shi ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Shi ne kuma motsa jiki ya fi saurin taɓawa, ko da nauyi bai sauka sosai ba. Masu bincike a jami'ar Osaka sun duba 'yan kokawar sumo na Japan, ƙartin da ke cin kalori 5,000 zuwa 7,000 a rana, suka tarar yawancin kitsensu a ƙarƙashin fata yake, na cikin kaɗan ne, sukarin jininsu kuma daidai, muddin suna kan atisayensu mai tsanani. Da zarar sun yi ritaya ba su rage ci ba, sai cututtukan su yi sallama.

Sirrin yana cikin tsokar. Bayan an ci abinci, mafi yawan sukarin da ya shiga jini tsoka ce ke kwashe shi, ita ce babban rumbunsa. Tsokar da ke aiki tana buɗe ƙofa ta karɓa, wadda ta saba da zama kuwa sai ta riƙa noƙewa, sukari ya yi ta yawo a jini. A Amurka an bi mutane sama da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon suga. Wasu aka ba su maganin metformin, wasu aka sa su tafiya minti 150 a mako tare da ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Sakamakon 2002 ya nuna magani ya rage kamuwa da kashi 31 cikin 100, tafiya da gyaran ci kuwa kashi 58. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kilo 6 ne da ɗoriya, bai kai a ce ya koma siriri ba.

Wani amfanin tsoka sai an zo rage cin abinci yake bayyana. Mutumin da ya matse bakinsa kawai, ba ya wani motsi, ba kitse zalla yake zubarwa ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya tafi tsoka ce da sauran naman jiki. Shi ya sa ake ganin wanda ya rame ta wannan hanya ya yi yaushi, fuska ta faɗa, har 'yan'uwa su fara tambaya ko lafiya. In kuma nauyin ya dawo, yawanci kitse ke riga tsoka dawowa. Wanda ya haɗa rage ci da ɗaga nauyi, yana kuma samun abinci mai gina jiki, yana shaida wa jikinsa cewa tsokar nan ana buƙatarta, a ɗebi kitse a bar ta. Abinci mai gina jikin kuwa ba sai gwangwanin hodar da ake tallatawa da tsada ba. Wake, awara, ƙuli-ƙuli, alale, nono, ƙwai, busasshen kifi, duk sun wadatar. Giram 100 na busasshen wake na ɗauke da furotin sama da giram 20, ƙwai ɗaya giram 6. Mai ciwon ƙoda dai ya tuntuɓi likita kafin ya ƙara.

Riƙe ramar kuma ya fi samunta wuya. A Amurka an yi wani shirin talabijin mai suna The Biggest Loser, inda masu matsananciyar ƙiba ke gasar zubar da nauyi ta hanyar yunwa da atisayen sa'o'i. Wani masani na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin ƙasar, Kevin Hall, ya bi sawun 14 daga cikinsu. A makonni 30 na gasar kowannensu ya zubar da matsakaicin kilo 58. Bayan shekara 6, kilo 41 sun dawo. Abin da ya fi ba da tsoro a rahoton na 2016 shi ne jikinsu ya ci gaba da tsuke kashewa, yana ƙona kalori kusan 500 a rana ƙasa da abin da ya kamaci mai girmansu. Jiki bai yafe yunwar da aka sa shi ba. Amma da aka sake duba su, waɗanda suka fi riƙe ramarsu su ne waɗanda suka fi ƙara motsa jiki suka kuma dawwama a kai. Motsin da bai taɓuka abin kirki ba wajen saukar da nauyi, shi ya fi tsayawa a ƙofa ya hana shi komowa.

Sai batun gumi, wanda ya jefa mutane da yawa cikin wahalar da ba ta da lada. Ana ganin masu sa rigar leda ko su ɗaure ciki da roba su fita gudu cikin zafin Afrilu, wai kitse ya narke ya fita. Gumi ruwa ne da gishiri, kofi biyu na ruwan randa sun maido da shi, kuma a yanayi irin namu wannan wasa na iya kai mutum ga suma ko ya taɓa masa ƙoda. Kitse ta hanci yake fita. Wasu masana biyu a Ostiraliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, sun yi lissafin a 2014: idan mutum ya ƙona kitse kilo 10, kilo 8.4 na fita ne a matsayin iskar da huhu ke fitarwa, sauran kilo 1.6 ya zama ruwa. Haka nan ba a zaɓar inda za a rage. A 1984 a jami'ar Massachusetts an sa wasu maza atisayen ciki, irin wanda ake kwanciya rigingine ana tasowa zaune, har sau 5,004 cikin kwana 27. Kitsen cikinsu bai ragu fiye da na baya ko na mazaunai ba. Jiki na ɗibar kitse daga inda ya ga dama, kuma ga maza da yawa tumbi ne ke yin sallama a ƙarshe.

Ana kuma cewa wanda ya daina ɗaga ƙarfe tsokarsa za ta rikiɗa ta zama kitse. Tsoka ba ta zama kitse, kamar yadda ƙashi ba ya zama jini. Abin da ke faruwa kowa ya san irinsa. Ɗan dako ya tara ɗan jari ya zama dillali, ya samu benci a rumfa ya sayi babur. Aikin ya tafi, tsoka ta fara zagwanyewa, amma cikin da ya saba da malmala 3 bai san an yi ritaya ba, ga shi yanzu aljihu ya ba da damar nama da lemo. Shekara biyu sai a ce wane ya samu wuri, ya yi kyau. Haka tsofaffin 'yan ƙwallo da 'yan dambe da sojojin da suka ajiye kaki. Haka ma gari guda ke yi idan injin niƙa ya karɓi aikin turmi, famfo ya karɓi na guga, babur da A Daidaita Sahu suka karɓi na ƙafa, tukunya kuma ta ƙara mai da sukari.

Kada kuma a ɗauka ɗan dakon da ke kan aiki ya tsira da komai don ba shi da tumbi. Wani bincike da aka fitar a 2021 a kan mutane sama da 100,000 a birnin Kopenhagen na Denmak ya nuna cewa masu motsa jiki a lokacin hutunsu sun fi tsira daga ciwon zuciya da mutuwar wuri, amma masu aikin ƙarfi mai yawa a wurin sana'a haɗarinsu ya ma ɗan fi. Andreas Holtermann, wanda ya jagoranci aikin, yana danganta hakan da yanayin aikin kansa: sa'o'i masu yawa, ɗaukar kaya da ke sa jini ya hau ya daɗe a sama, ga rashin isasshen hutu kafin gobe. Ɗan ga-ruwan da ke tura kura mai jarka 10 daga safe zuwa magariba ba atisaye yake yi ba, neman abinci yake, kuma baya da gwiwa ne ke biya. Siririn lebura na iya yawo da hawan jini shekaru bai sani ba, don ba wanda ya taɓa ce masa ya je a auna.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sabunta a 2020, ita ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri, sannan aƙalla kwana 2 a mako ya yi abin da zai wahalar da tsoka. Kashi na biyun nan shi aka fi watsarwa, musamman a wajen mata, saboda tsoron kada damtse ya murɗe kamar na maza. Jikin mace ba ya tara tsoka haka da sauƙi, kakanninmu da suka yi rayuwarsu a bakin turmi ba su zama ƙarti ba. Ba kuma sai an je gidan atisaye ba. Tsugunnawa da miƙewa, tura bango ko ƙasa da hannu, ɗaga jarkar ruwa mai lita 5 ko 10, duk ana yi a tsakar gida, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita, kuma kada ya riƙe numfashi yayin ɗagawa.

Waɗanda suka fi kowa buƙatar wannan su ne waɗanda ake cewa su zauna su huta. Daga shekara 30 tsoka ke fara raguwa, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Dattijo na iya riƙe nauyin da yake da shi tun yana ango, alhali a ciki kitse ya maye gurbin tsoka, sai a ga tashi daga tabarma ya zama aiki, sujada ta koma kan kujera. A 1990 wata likita, Maria Fiatarone, ta shiga wani gidan kula da tsofaffi a Boston ta zaɓi mutum 10 masu shekara 86 zuwa 96, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau 3 a mako. A lokacin mutane da yawa na ganin ganganci ne a sa mai irin waɗannan shekaru wannan aiki. Bayan mako 8, a cikin 9 da suka kammala, ƙarfin ƙafa ya ƙaru da matsakaicin kashi 174 cikin 100, tsokar cinya ta ƙara kauri da kusan kashi 9, tafiyarsu ta ƙara sauri. Biyu daga cikinsu sun ajiye sandar dogarawa.